Gilashin Bangon Mai Agogo

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana durƙushe a gindin bangon shagon babanta da ke jikin gidansu, yana manna wani siririn gilashi a kan tsagar da ta ɓullo tun da aka fara aikin gadar sama a bakin titinsu. Shayi ta kawo wa Baba, amma sai ta tsaya da kofin a hannu.

"Malam, bango ne ya ji ciwo kake sa masa filasta?"

Ya ɗago, hular kwanonsa ta zame, ya tare ta. "Awo nake yi, Malama. In tsagar ta ƙara buɗewa, gilashin zai karye, mu san bangon yana motsi."

"Ku su wa?"

"Hukumar kula da manyan ayyukan ƙasa."

"Au, ku ne masu injin da ya hana mu sakat?"

"Na kamfani ne. Mu namu ido. Mu duba ƙarfe, mu duba siminti, mu duba gidajen maƙwabta. In an kauce, mu ce a tsaya."

"Kuma su tsaya?"

"Dole."

A gida Sarkin Tambaya ake ce mata. Ba ta taɓa samun wanda ya amsa mata tambaya huɗu a jere bai gaji ba, sai ranar. Shayin Baba kuwa ya huce.

Baba mai gyaran agogo ne, mutum mai yawan fargaba. Duk sanda injin ya buga ginshiƙi cikin ƙasa, agogunan shagon su yi rawa, shi kuma ya dafa bango yana salati. Saurayin ya bar masa lambar waya saboda gilashin, amma Auta ce mai danna wa Baba waya.

"Mai Gilashi, tambaya ɗaya. Gada tana gajiya?"

"Tana gajiya, Gimbiya. Shi ya sa ko an buɗe ta muke komawa dubata. Ke dai kada Allah ya sa ki gaji da tambayata."

"Wa ya ce maka ni Gimbiya ce?"

"Awo na yi."

Ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi ita kaɗai.

Ana haka sai ga foman, shugaban leburorin kamfanin, wanda shi ma idonsa ya faɗa kan Auta. Ya zo da buhun siminti da lebura, ya ce a shafe tsagar hankalin Baba ya kwanta. Mai Gilashi ya tarar ana kwaɓa ya hana.

"Baba, a yi haƙuri. In aka shafe, ido ne zai daina gani, tsagar tana nan a ciki."

Ran Baba ya ɓaci. "Wancan ya zo da siminti, kai ka zo da gilashi, kuma kai ne mai hanawa!"

Da Mama ta sanar da shi abin da ke tsakanin yaran, sai ya girgiza kai. "Ma'aikacin hukuma? Yau yana nan, gobe an jefa shi bakin wani dam. In ba shi 'yata, in riƙa ganinta a hoto?" Ya karɓe wayarsa daga hannun Auta, ya ce ban da aiki kada yaron ya ƙara tsayawa a ƙofar gida.

Injin ya matsa gaba da aikinsa, hukuma ta rage zagaye a layinsu. Foman kuwa kullum yana shago, har ya sakar wa Auta magana cewa an kusa tura ɗan hukumar nan aikin dam. Ta kasa ci ta kasa sha. Tambaya ce a bakinta, ba wanda za ta yi wa.

Wata safiya Baba ya tafi sayo batir. Auta ta fito da cokali, ta dubi hagu da dama, ta ƙwanƙwasa gilashin da bayansa. Ƙas! A lissafinta, zai zo ya manna sabo, ta yi tambayarta, shi ke nan.

Ba haka aka yi ba. Baba na dawowa ya gani, ya ɗora hannu a ka. Kafin a ce me, ya fito da Mama, ya fito da katifu, ya jera agoguna a bakin titi. Ya buga wa hukuma waya. Motar hukuma ta iso da babbar injiniya, wata dattijuwa mai tabarau, Mai Gilashi na biye da ita. Ta ɗaga waya ta yi magana, sai ga injin nan da bai taɓa shiru ba ya yi tsit. Leburori suka yi cirko-cirko. Aka fara zancen kwashe mutanen gidan har a gama bincike.

Auta ta laɓe bayan ƙofa. Ashe da gaske suke tsayawa.

Mai Gilashi ya durƙusa, ya auna tsagar, ya daɗe yana kallon gilashin.

"Me ka gani?" in ji injiniyar.

"Ranki ya daɗe, bangon bai motsa ba. In bango ya karya gilashi, gida biyu yake raba shi. Wannan ya yi tauraro. Bugunsa aka yi."

Foman ya yi caraf. "To wa zai buga in ba shi ba? Kowa a layin nan ya san abin da ke kawo shi gidan nan. An hana shi zuwa, ya nemi dalili."

Injiniyar ta cire tabarau. "Ka san hukuncin wanda ya taɓa kayan awo. Me za ka ce?"

Idonsa ya kai ƙofar, ya dawo ƙasa. 

Auta ta fito, cokalin a hannunta. "Ni ce, ranki ya daɗe. Bai sani ba."

Baba ya dubi cokalin, ya dubi katifun da ke rana. "Ke? Saboda me?"

"So nake in ji ko gaskiya ne za a tura shi dam, Baba."

Injiniyar ta yi mata faɗa sosai, ta ce aikin ƙasa guda ta tsayar da cokalin shayi. Amma da ta juya za ta shiga mota, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ba kamfani umarnin gyara bangon tun daga tushe in an gama ginshiƙai, ban da shafe-shafe. Foman ya sulale.

Baba ya zauna a kan katifa, ya yafito saurayin.

"Ka gane ita ce?"

"Na gane, Baba."

"Me ya hana ka ce bango ne, ka rufa mata asiri?"

"In na yi wa bango ƙarya yau, ranar da ya motsa da gaske ba mai yarda da ni, kuma kuna ciki."

"To me ya hana ka faɗi sunanta, aikinka na shirin tafiya?"

Ya sunkuyar da kai. "Wannan kam ba zan iya ba."

Baba ya ƙare masa kallo, agoguna na ta bugawa kewaye da shi.

"Maganar dam ɗin fa?"

"Gaskiya ce. Amma titin da gadar nan za ta haɗa, shi ne ya bi ta can. Safiya ɗaya ce a mota."

"Ka turo manyanka," in ji Baba. "Yau cokali ta ɗauka. In na ƙara hanawa, guduma za ta ɗauko."

An ɗaura auren bayan buɗe gada. Baba ya ba su agogon bango da ya gyara da hannunsa, ya riƙe hannun angon bai son saki.

"Ga ta nan. Duk abin da ta tambaya ka amsa mata, don Allah, ko don lafiyar dam ɗin. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Motar amarya ta hau gadar. Auta ta waiwaya ta hango Baba a ƙofar shago, ya dafa sabon bangonsa da hannu ɗaya, yana ɗaga musu ɗayan. Ta share ido da bakin mayafi.

"Mai Gilashi."

"Na'am, Gimbiya."

"Tambaya ɗaya."

Ya gyara zama yana dariya. "Bismillah. Hanyar da tsawo."