Makulli na Uku

Saura kwana biyu jarrabawa, tambayoyin lissafi suka fara yawo a wayoyin ɗalibai. Da hantsi Sufeto ya isa maɗaba'ar da ke buga su. Ya tarar da mai tsara shafuka zaune gefen injin yanka takarda, idanunta sun kumbura. Manaja ya riga ya yanke mata hukunci.

"A kulle faifan kwamfutar da tambayoyin ke ciki yake, Yallaɓai. Kalmar sirri daga ni sai ita."

"Wa ya kulle muku shi?"

"Ƙanen matata. Shi ke duba mana kwamfutoci."

Ƙanen matar ya matso yana murmushi. "Na kulle na miƙa wa Yaya. Ko ni ba zan iya buɗe shi ba."

Sufeto ya lura ba wanda ya tambaye shi.

A ofis, Sajan mai binciken na'urori ta kwafe faifan tsaf, ta mayar da na asali cikin leda ta liƙe. Ta buɗe baƙin allon nan da ba hoto ba ado, sai umarnin da ka rubuta da hannunka.

"Makulli nawa suka ce, Yallaɓai?"

"Biyu."

"To gurbin kalmar sirri uku ne a cike."

"Na wa ne na ukun?"

"Faifai ba ya faɗin suna. Kuma an share tarihin umarni tas."

"Mai tsara shafukan nan ta iya wannan shara?"

Sajan ta yi dariya. "In ta ga baƙin allo, cewa za ta yi kwamfuta ta lalace."

Ta koma rajistar masu shiga kwamfutar. Ranar Talata da la'asar wani ya yi gaggawa, ya rubuta kalmar sirrinsa a gurbin suna. Na'urar ta hana shi shiga, amma ta adana abin da ya rubuta. Sajan ta gwada shi a kan kwafin. Makulli na uku ya buɗe.

Sufeto ya daɗe yana kallon rubutun: "autarbaba", sai lambobi shida.

Ya sa aka kawo ƙanen matar manaja, ya ba shi kujera da ruwa.

"Malam, kana da 'ya?"

"Uku."

"Autar za ta zauna jarrabawa?"

"Ban... ban riƙe ba."

Sufeto ya tura masa takarda. "Lambar jarrabawarta ce wannan, ko in kira makaranta?"

Mutumin ya ajiye kofin a hankali.

"Sau biyu lissafi yana kayar da ita. Ita kaɗai na ba. Na ce kar ta nuna wa kowa, sai ta tura wa ƙawarta."

"Kai kuma ka tsaya kana murmushi ana tuhumar baiwar Allah."

Da za a fita da shi, ya waiwayo daga bakin ƙofa.

"Yallaɓai, za su bar ta ta rubuta?"

"Ba a hannuna yake ba," in ji Sufeto. Ya ɗauki waya ya kira mai tsara shafuka, ya ce mata ta share hawayenta, gobe ta koma bakin aikinta.