Dosiyen Zuwera

Zuwera na tsugune a tsakar gidansu da ke Boukoki tana yanka albasa, sai ta ji tsayuwar moton mijinta, wato babur ɗinsa, a ƙofa. Ta yar da wuƙar ta tarye shi da gudu.

"Sannu da zuwa, Sheri. Sun kira?"

Mu'azu ya kafe moton, bai ko dube ta ba. "Shiru."

Sati biyar ke nan da ta kai dosiyenta na takardun neman aiki wata kiliniki da ke neman ma'aikaciyar labo, wato ɗakin gwajin jini, aikin da ta shekara uku tana karatunsa kafin aurensu. A satin ne aka sace mata waya a kasuwar Petit Marché, shi ya sa ta rubuta lambar mijinta a takardar.

"Amma madam ɗin ta ce diplom ɗina ya yi musu! Ta ce cikin kwana goma—"

"Haka suke gaya wa kowa. Ki bar maganar nan, don Allah!"

Mutumin da ya kai ta da kansa ta miƙa takardun, yau shi ke mata tsawa? Kwanan nan ko abinci ba ya ci sosai, ba ya kuma yarda su haɗa ido.

Washegari ta ce ta gaji da zaman jira. Ko a'a ce, gara ta ji da kunnenta. Ta ɗau taksi har kilinikin, ta gaida sakatariya cikin ladabi, ta faɗi sunanta. Matar ta buɗe rajista tana bi da yatsa.

"Zuwera Abdulaye? Ai mun kira ki antretiyen, ganawar ɗaukar aiki, tun sati uku da suka wuce! Namiji ne ya ɗauka, ya ce kin fasa. Har an ɗauki wata."

Zuwera ta dafa tebur. Da ƙyar ta haɗiye kukan.

"Madam, kuskuren daga gidanmu ne, ba daga wajenku ba. Ban fasa ba. Don Allah a bar dosiyena, ga sabuwar lambata."

Da la'asar Mu'azu ya tarar da ita zaune bakin gado, ko wuta ba ta hura ba.

"Na je kilinikin," ta ce.

Makullin moton ya suɓuce masa. Ya durƙusa gabanta.

"Zuwera, wallahi ba son raina ba ne! Ina shago a Kalley suka kira, Yaya Alhaji Mamman na kusa da ni. Ya ce a zuri'armu mace ba ta fita taɓa jinin ƙatti. Ya ce ko in ce kin fasa, ko in bar masa shagonsa. Kin san shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba a Maradi..."

"Da ka gaya mini, da mun yi kukan tare!" Hawaye suka ɓalle mata. "Sati uku ina zargin kaina, ina cewa ni ce ban iya komai ba, kana kallona!"

Ta fizgi mayafinta ta nufi ƙofa. Gidan iyayenta ba nisa, kuma ta san in mahaifinta ya ji, auren ne zai girgiza. Ta daɗe tsaye riƙe da ƙyaure, sannan ta juyo.

"Ba zan kai ƙararka ba. Amma bakin da ya ce na fasa, shi zai je ya gyara."

Da safe Mu'azu ya je kilinikin ya faɗi gaskiya, ya ba da haƙuri. Daga nan ya wuce shago, ya tsuguna gaban yayansa.

"Yaya, kafin a ba ni ita na yi wa mahaifinta alkawarin za ta yi aiki. Na yi ƙarya sau ɗaya don tsoronka, ba zan ƙara ba."

"Iye! Mace ta fi ni ke nan?" Alhaji ya buga kanta. "Aje mini makullin shagona!"

Ya aje shi a kan kantar.

Wata biyu suka yi cikin matsi. Mu'azu ya koma kabu-kabu da motonsa, wata rana garin rogo kawai suke jiƙawa. Duk da haka kowace Juma'a sai Zuwera ta ja shi sun je gaida Alhaji, ko da zai kau da kai.

A wata na uku kilinikin ta buɗe sabon reshe. Sakatariyar ta tuna matar da ta zo da ƙafarta ta yi tambaya, ba faɗa ba zagi. Aka kira Zuwera antretiyen, ta ci.

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya amsa gaisuwarsu. Ya daɗe yana duban ƙanensa da ya rame, sannan ya ce, "Yarinyar nan ta fi ni hankali. Gobe ka zo ka buɗe shago."

Haka haƙurin Zuwera ya tsare mata aurenta, ya kuma kai ta ga aikinta. Duk wanda aka yi wa shiru, kada ya zauna zargin kansa, ya tashi ya tambaya cikin ladabi. Miji kuwa ya ji tsoron Allah, kada tsoron dangi ya sa ya ɓoye wa matarsa abin da yake haƙƙinta.