Mai Rakiya da Idon Ruwan Kurmi

A wani zamani mai nisa, an yi wani mutum a bakin kurmi. Aikinsa raka baƙi su hau dutse, su ga wani idon ruwa mai sanyi da ke ɓuɓɓugowa a gindin manyan itatuwa.

Wata rana wasu baƙi suka ce, "Malam, wurin nan da kyau, sai dai maɗacin nan ya hana mu hangen kwari." Shi kuwa mai son yabo ne, sai ya sare maɗacin. Baƙi suka yaba.

Wasu suka zo suka ce, "Ɗorawar nan ta tare hanya." Ya sare ɗorawar. Baƙi suka yaba.

Yayarsa ta ce, "Ƙanena, ruwan nan inuwa ce ke riƙe da shi. Baƙo zai koma gida, mu muna nan."

Ya ce, "Haba Yaya, itace ai ba ya ƙarewa a kurmi."

Ya ci gaba da sara. Da rani ya yi, idon ruwa ya ƙafe, tsuntsaye suka watse, baƙi suka daina zuwa. Matan ƙauye suka koma tafiya mai nisa neman ruwa, har da yayar tasa, da tulu a ka. 

Daga nan ya shiga dasa itatuwa, yana ta dasawa har ya tsufa. Wata rana jikarsa ta ce, "Kaka, yaushe ruwan zai dawo?"

Ya ce, "Ke kya gani, in Allah ya yarda. Ni kam ba na tsammani."