Akwatin Da Ya Buɗe Wa Kowa

A ofishin nan, in aka ce Mai Makulli, kowa ya san wa ake nufi. Direbobi na cewa ko manaja ne ya manta kalmar sirrinsa, sai ya cike fom kafin ta saurare shi. Ƙanwarta kuwa cewa take, "Yaya? Ko ita ta taka ka, kai za ka ba ta haƙuri."

Mai Makulli ita ke kula da shafin intanet da ma'aikata ɗari huɗu ke shiga da sunayensu. Ita ke yanke wanda zai ga wannan, da wanda ba zai ga wancan ba. Shekara shida ba a taɓa kama ta da kuskure ba.

Ranar da aka kawo sabon mai tsara shafukan, ya ja kujera kusa da teburinta yana murmushi.

"Ni magini ne, ranki ya daɗe. Ina jera ɗakuna, ke ki riƙe makullai."

"To Magini, kada ka fasa min taga inda ban ce ba."

Ta mayar da ido kan kwamfuta, amma sau uku tana rubuta layi ɗaya tana gogewa.

Kafin wata biyar, saƙonsa ke riga ta isa ofis. "Mai Makullina, na zagaya zuciyarki ban ga ƙofa ba. A ina ake karɓar fom?" Ita kuma ta amsa, "Ana duba takardunka. Ka rage surutu."

Da maganar aure ta taso, babanta, wanda ya yi shekara talatin yana tsaron fayil kafin ya yi ritaya, cewa ya yi, "Mu ga riƙon amanarsa tukuna."

Ran wata Litinin da safe, akwatin bayanai na cikin shafin da ke ɗauke da adireshin ma'aikata da takardun asibitinsu ya bayyana a shafin farko, kowa na gani. Minti arba'in ya yi a buɗe kafin Mai Makulli ta rufe shi. Wata mata a sito ta kulle kanta tana kuka, don ciwon da ta ɓoye ya zama abin hira.

Aka zauna kwamiti. Mataimakin manaja, wanda sau biyu Mai Makulli ta taɓa mayar masa da kyautarsa, ya gyara zama.

"Wa ya taɓa shafin nan?"

"Shi ya matsar da akwatin ranar Juma'a," in ji ta, ba ta ko kalli Magini ba.

Ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ni na matsar." Aka dakatar da shi, ana jiran takardar kora.

Da labari ya isa gida, Baba ya ajiye tabaransa. "Wanda ya tona asirin mutum ɗari huɗu, shi zan ba 'yata? A bar maganar nan."

Ta daina ɗaukar wayar Magini. Saƙo ɗaya ya turo: "Mai Makullina, kin ci abinci kuwa? Shi ke nan tambayata."

Rana ta uku, Mataimaki ya ce ta fitar da rajistar da na'ura ke ajiyewa ta duk wanda ya taɓa shafin, a liƙa a takardar korar. Ta buga, ta bi layi-layi da biro kamar yadda ta saba.

Juma'a, ƙarfe uku da minti goma: Magini ya matsar da akwati, ya bar shi a kulle, rukunin ma'aikata ɗaya kawai ke gani. Ƙarfe biyar saura kwata: an goge wannan rukunin. Sunanta ne a gefe.

Sai ta tuna. Tana sharar tsofaffin rukunai ne, ta ga wannan da tsohon suna, ta ɗauka ba ya aiki. Ashe da shi aka ɗaure makullin akwatin. Da ta goge shi, na'ura kuma ta sabunta shafin ran Litinin da safe, ƙofa ta koma ta kowa.

Ta fita baranda ta kira Magini a waya.

"Ka sani?"

"Tun ranar Litinin."

"Kuma ka yi shiru?"

"Shekara shida kika yi kina gina sunanki. Ni wata biyar ne. Nawa ya fi sauƙin rushewa."

"Ban roƙe ka ba!"

"Ba ki roƙa ba. Ki ninke takardar nan, ba wanda zai karanta har ƙasa."

Gaskiya ya faɗa, ba mai karantawa. Ta daɗe tsaye da takardar a hannu. Sannan ta shiga ɗakin kwamiti ba tare da ta jira an kira ta ba, ta ja layi ƙarƙashin sunanta da jan biro.

"Kuskurena ne. Ga shaida."

Aka ba ta takardar gargaɗi, aka ce daga yau ba za ta goge komai ba sai wani ya sa hannu. Aka maido da Magini. Daga nan ta sauka sito, ta zauna da matar nan har aka tashi aiki.

A gida ta miƙa wa Baba rajistar. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, don shi bai taɓa barin takarda a rabi ba.

"Kira min shi."

Washegari da yamma Magini ya zo, ya durƙusa a bakin kujera.

"Yaro, rufa asiri daban, ɗaukar laifin da ba naka ba daban. Kada ka sake. Amma na ga abin da nake son gani. Ka turo manyanka a sa rana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba. Na gode."

Ya miƙe zai fita, ta tare bakin ƙofa. Ƙanwarta ta leƙo daga bayan labule, ta ce, "Ku yi shiru, za a yi abin tarihi!"

Mai Makulli ba ta harare ta ba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta yi magana yadda kowa a falon ya ji.

"Na nuna ka a gaban mutane ban duba ba, na bar ka kwana uku da laifina. Ban kyauta ba, Maginina. Don Allah ka yi haƙuri, ka yafe min."