Za A Gyara Miki Zama

"Shalele! Fito daga ƙarƙashin teburin nan tun ban zo ba!" Inna ta daka tsawa daga bakin ƙofa.

Ina! Yarinyar ta ƙara cusa yatsu a kunne tana rausayawa gaba da baya. Saura kwana uku a koma makaranta, amma ko jakarta ta gani sai ihu. Mamanta ta ajiye yunifom ɗin da take gogewa.

Shekarar Shalele takwas, ita kaɗai Allah ya ba Kafinta da matarsa, wadda har yau Amarya yake ce mata. Likita ya ce otizim gare ta: ƙara tana yi mata ciwo, canji yana firgita ta, magana kuwa yadda aka faɗe ta haka take ɗauka. Bara lafiya lau ta yi karatu. Sai bana da Inna, mahaifiyar Kafinta, ta zo musu hutu.

"Wane otizim? Sangarta ce!" in ji Inna. "Ke kika lalata ta! Kai kuma ka zuba ido, mace ta shanye ka. To ka ji: in Litinin ta yi ba ta shiga aji ba, da ita zan tafi, in yi tarbiyyar da uwarta ta kasa!"

Amarya ta shige kicin ta fashe da kuka. Wa zai san sai an yanke wa Shalele takardar wuyan riga kafin ta saka? Kafinta ya biyo ta.

"Baban Shalele, in aka raba ni da ita mutuwa zan yi!"

"Haba Amaryata, ina numfashi za a raba ku? Share hawayenki. Yarinyar nan ba ta kuka a banza, akwai dalili, kuma yau zan ji shi."

Kafinta, ƙaton mutum guda, ya durƙusa ya rarrafa ƙarƙashin teburi. Bai kalle ta ba, bai taɓa ta ba. Guntun katako mai santsi ya ajiye kusa da ita. Can ta ɗauka tana murzawa.

"Anti za ta gyara mini zama," ta ce. "Anti za ta gyara mini zama. Ni ba na so, filis Baba. Zamana benci na uku ne, bakin taga. Ƙararrawa ba ta kusa."

"Wa ya gaya miki?"

"Inna. Da na zubar da ruwa ta ce, bari a koma makaranta, Anti za ta gyara miki zama!"

Kafinta ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ashe Inna horo take nufi, yarinya kuwa benci ta ji! Ya fito ya zauna gaban mahaifiyarsa cikin ladabi ya warware mata.

"Yo wa bai san wannan maganar ba?" in ji Inna, amma muryar ta sauka.

"Ita ba ta sani ba, Inna. Kuma ba laifin Amarya ba ne. Don Allah ki taka ki raka mu makarantar."

"Mu je in ga ƙarshen shirmen!"

Da la'asar suka isa, makaranta wayam. Shugabar makarantar ta saurare su ta ce a buɗe musu. Da ma dole zaman ya canza, tunda an ciyar da Shalele gaba. Kafinta ya saɓo tsohon bencin a kafaɗa har sabon aji, ya dasa shi bakin taga a layi na uku, ya buga wa ƙafar da ke rawa ƙusa biyu. Amarya ta zaga da ita: ga banɗaki, ga famfo, ga sabuwar Anti tana share allo. Shalele ta lalubi tsagin da ta saba shafawa a gefen bencin, ta zauna. Rausayawar ta tsaya cak.

Ran Litinin ita ta riga kowa saka takalmi. A ƙofar makaranta ta juyo, idonta a kan mayafin kakarta.

"Inna, an gyara mini zama. Tankiyu."

Ta shige abinta. Inna ta toshe baki da mayafi, hawaye shar!

"Wallahi ni aka gyara wa zama," ta ce, ta kamo hannun Amarya. "'Yar nan, ki yafe mini."

"Babu komai, Inna."

Kafinta ya saci kallon matarsa ya kashe mata ido, ta yi ƙasa da kai tana murmushi kamar jiya aka kawo ta.

Haƙurin Amarya bai faɗi ƙasa ba. Ku kuma iyaye, kafin ku ce yaro ya sangarce, ku durƙusa ku tambaye shi me ya ji.