Gwaggon Namatovu

Ranar Alhamis ce, ranar da tsofaffin ƙauyenmu suke yi wa ɗayarsu gayya a gonar ayaba. Ƙungiyar kakanni ke nan, matan da ƙanjamau ya kwashe wa 'ya'ya, ya bar su da jikoki da majinyata. Katongole, saurayi mai babur ɗin haya, ya iso da jakar maganin da yake ɗauko musu daga asibiti, sai ya hango wata doguwar yarinya tana gyara wa Jajja Nakafeero, wato kaka Nakafeero, ɗankwali. Ya sauka bai tokare babur ba, babur ya zube rim.

"Kai ɗan nan, maganinmu za ka ɓarar saboda jikar Nakafeero?" in ji wata tsohuwa, sauran suka sa shewa.

Yarinyar ta zo ta zaro ƙunshi ɗaya daga jakar. "Wannan nawa ne. Da ciwon aka haife ni. Gara ka sani tun yanzu, kafin ka ƙara kayar da babur."

"Ai ni nake ɗauko shi," ya ce. "Sunan Namatovu na daɗe da sani, mai sunan ce ban taɓa gani ba."

Shi ke nan fa, Katongole ya zama ɗan gida. Ya ɗebo ruwa, ya faskara itace, ya kai wannan tsohuwa asibiti kyauta, duk don a bar shi ya zauna kusa da Namatovu tana feraye ayaba. Da ya ji ita 'yar dangin Barewa ce, shi kuwa ɗan dangin Saniya, ba haramci tsakaninsu tunda 'yan dangi ɗaya ne ba sa auren juna a wurinmu, sai ya raɗa mata suna.

"Barewata, kin sha maganinki? In kin manta, ni ban manta ba," ya rubuto mata a waya.

"Na sha, sarkin naci. Ka kula da hanya, an yi ruwa."

Ya raka ta wurin likita ya ji da kunnensa cewa muddin tana shan magani yadda ya kamata, shi da 'ya'yansu lafiya lau. Amma je ka faɗa wa uwarsa! Matar nan ta riga ta yi masa kamun 'yar wani malamin makaranta a garin Masaka. Kuma makira ce, ba ta ce a'a ba.

"Gidan da kaburbura suka fi mutane yawa? To, na yarda," ta ce tana murmushi. "Amma mu ba ma ɗauko mace a titi. Ka kai ni gaban gwaggonta."

Ta san abin da take yi sarai. A wurinmu ba a neman aure sai ta hannun gwaggo, 'yar'uwar uba. Ita ake fara gaisarwa, ita ke nuna ango a gaban jama'a. Kaka ta wajen uwa ba ta da wannan hurumi ko da ita ta yi goyo. Gwaggwannin Namatovu kuwa duk suna kwance a kaburbura tare da ubanta.

Macen dangin Barewa za ta iya tsayawa a madadinsu, amma a duk yankin tsohuwa ɗaya ta rage, Nabukenya. Ita kuwa ko a coci ba ta zama benci ɗaya da Jajja Nakafeero. Ɗan Nabukenya ne ya auri uwar Namatovu bayan mijinta na fari ya rasu, da ita ma ta rasu, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Tun ranar take cewa gidan Nakafeero ne ya kashe mata ɗa. Ta ƙi shiga ƙungiya, ta rufe ƙofa tana jinyar autarta Nassali ita kaɗai.

Jajja Nakafeero ta ja ƙafa ta je roƙonta, ta durƙusa da tsufanta. Nabukenya ta watsa ruwan wanki a gabanta.

"Kun cinye min ɗa, yanzu kuma rawa kuke so in yi muku? Tashi min a ƙofa."

Namatovu ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuta: "Ka auri ta Masaka. Ita tana da dangi. Kar ka ƙara zuwa, don Allah."

Amsa ta shigo nan take. "Barewata, ko zan tsufa a kan babur ina jira, ke nake jira. Ba ki isa ki sallame ni ba."

Ta ajiye wayar. Ya zo, ta shige ɗaki. Ya rame, ita ma ta rame, abin tausayi.

Ana cikin haka jikin Nassali ya rikice, don ta daɗe da barin magani saboda kunyar a gan ta a layin karɓar maganin ƙanjamau. Tsohuwa ba ta iya ko juya ta a gado. Wari ya fara fitowa waje. Kakanni suka yi shawara, wasu suka ce a ƙyale mai baƙin hali da halinta. Jajja Nakafeero ta buga sanda a ƙasa.

"Ni aka watsa wa ruwa, ba ku ba. Wa a cikinmu bai ɗauki kashin ɗansa da hannu ba? Ku tashi."

Suka tura ƙofa suka shiga ba sallama. Tana zaginsu suna shara. Suka raba kwanaki, wannan ta kawo dafaffiyar ayaba, waccan ta yi wanki. Namatovu ce mai yi wa Nassali wanka, don ita ce mai ƙarfi. Katongole ya ɗauko ma'aikaciyar jinya, amma an makara. Nassali ta cika kanta na bisa cinyar Namatovu. Kakanni suka yi mata sutura, Katongole da abokansa suka haƙa kabari. Ba wanda ya ta da maganar aure, wallahi ko da wasa.

Bayan an share makoki, da hantsi, sai ga Nabukenya a ƙofar Jajja Nakafeero, ta rame kamar itace. Ba ta gaishe ta ba. Sai ta dubi Namatovu.

"Ke, 'yar ɗan'uwana. Ki ce wa mai babur ɗin nan ya kawo uwarsa gidana. Kuma kar su zo hannu rabbana, ni ba gwaggon banza ba ce."

Ranar gabatar da ango ga dangin amarya, kakanni suka cika rumfa, kowacce riƙe da jika. Uwar ango ta zauna fuska ba yabo ba fallasa. Nabukenya ta ratsa baƙi tana dogara sanda, ta kamo hannun Katongole ta ɗaga, ta haɗa da na Namatovu. Ya raɗa mata, "Barewata, mun iso." Ita kuwa hawaye kawai take yi.

Mai jawabi ya tambayi gwaggo ko tana da abin faɗa.

"Duk wanda na raka daga gida, a kafaɗa aka ɗauke shi," ta ce. "Wannan da ƙafarta za ta fita. Ku je, Allah ya ba ku 'ya'ya, ya sa su ne za su binne ku."

Kakanni suka amsa da amin, wasu na guɗa, wasu na kuka. Jajja Nakafeero ta matsa a kan tabarma, Nabukenya ta zauna kusa da ita.