Hatsin Sadaka Ya Ƙetare Iyaka

Kibiyar farko ta sami dogarin da ke gaba a maƙogwaro. Ya zamo daga kan doki matacce. Ta biyu ta kafe a sirdin na baya — shi kuwa ya juya linzami ya tsere.

Hantsi ne, a wani busasshen kwari kudu da Illela. Raƙuma goma sha biyu suka cure wuri guda suna ruri. Mutum huɗu suka fito daga cikin sabara, fuskokinsu naɗe da rawani.

"Kowa shi kwanta!" in ji Yari, yana ɗaga bindigarsa harba-ruga.

Yari ne babbansu, ya daɗe yana tare hanyar Ƙonni. Maharazu ne maharbinsa, Idi mai takobi. Na huɗun, Halliru, sabon hannu ne: manomi daga Araba, wanda gonarsa ta ƙone damina biyu a jere.

Masu jan raƙuma suka kwanta rub da ciki. Mutum ɗaya ya ƙi. Dattijo ne siriri, da gafaka a rataye. Malam Mukhtari ke nan, wanda aka damƙa wa amanar ayarin.

Shekarar yunwa ce, ba a daɗe da zuwan Turawa ba. Attajiran Sakkwato da fataken da ke ciniki ta iyaka suka haɗa gudummawa, baitulmali ya ƙara nasa, aka sayo hatsi daga kudu. Masu bayarwa suka kafa sharaɗi: ba za a kwance taiki ko ɗaya ba sai a Illela, gaban shaidu. Kwana uku Malam Mukhtari yana wuce mata a bakin hanya suna miƙo ƙorai, yana kau da kai, don ya riƙe wannan alkawari.

"Ku ji tsoron Allah," in ji shi. "Wanga ba kayan kasuwa ba na. Hatsin sadaka na. Mutanen Illela da Garu da Araba ka jiranai."

Hannun Halliru ya tsaya a kan akalar da yake kwancewa.

"Mi kac ce, malam? Araba?"

"Kai, ja raƙumi!" Yari ya daka masa tsawa. Ya juyo ya buga wa dattijon gindin bindiga a kafaɗa. Malam Mukhtari ya durƙushe. Yana nan durƙushe yana kallo aka kora ayarin cikin daji, ta gabas.

Da azahar 'yan fashin suka tsaya ƙarƙashin wasu gawo don raƙuma su huta. Shirin Yari mai sauƙi ne: a zagaye Illela ta daji, a ƙetare iyaka kafin faɗuwar rana. Can ƙasar Faransa akwai mai saye yana jira.

Halliru ya matso ya tsuguna.

"Maigida, ce mini ka yi kayan wani attajiri na, mai ɓoye hatsi shi tsawwala."

"To?"

"Ƙanwata Zuwaira tana Araba da ɗiyanta ukku. Ganyen tafasa suka ci, shi ma ya ƙare. Mu bar raƙumi biyu bakin garin. Biyu kaɗai. A cire cikin rabona."

Yari ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

"In munka aje taiki Araba, gobe dogarai na can suna tambayar wa ya kawo. Ka san mi ka biyo baya. Ni ma na binne matata da ɗiya biyu bara, babu wanda ya aiko mini da ko tsaba. An gama wagga magana."

Maharazu ya yi dariya. "Sabon hannu ya fara tausayi. Bari ka ga kuɗi, shi wuce."

Halliru ya miƙe. Ya ɗauki salka ya ce zai duba wata tsohuwar rijiya a bayan tudu. Da ya ɓace musu, ya kwance dokin dogarin da suka kashe, ya hau, ya nufi Illela.

A Illela kuwa, tun safe jama'a ke zaune a ƙofar gidan hakimi, kowa da ƙwarya ko kwando. Babu hayaniya, ba su da ƙarfinta. Da suka hango Malam Mukhtari tafe a ƙasa, hannu ɗaya a sake, babu raƙumi ko ɗaya bayansa, wasu suka miƙe, sannan suka koma suka zauna.

Jibril, shugaban dogaran garin, ya saurare shi har ƙarshe. Mutum bakwai gare shi, da dawakai biyar waɗanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsu.

"Ta ina za mu bi, malam? Daji na da faɗi. In mun yi gabas sun yi yamma, shi ke nan."

Ana cikin haka Halliru ya shigo a sukwane. Dogarai suka gane dokin, suka finciko shi ƙasa, suka hau shi da duka.

"Ku bari in faɗi!" yake cewa, jini na zuba daga bakinsa. "Na san inda za su ƙetare. Ku kashe ni daga baya."

Jibril ya ɗaga hannu, aka dakata.

"Don mi za mu yarda da kai?"

"Don hatsin Araba na ciki."

Malam Mukhtari ya dube shi, ya gane muryar da ta yi masa tambaya a kwari. "Ku bi shi," in ji shi. "Ni ma ku aza ni bisa doki."

Suka fita da la'asar. Dawakan ba su iya sukuwa mai tsawo, sai a yi gudu kaɗan a koma tafiya. Halliru na gaba, an ɗaure masa igiya a ƙugu, Jibril na riƙe da bakinta. Suka ratsa gonaki fayau, babu ko kara. Suka wuce wata ruga da babu kowa cikinta.

Rana ta yi ja lokacin da suka hau wani tudu. Ga ayarin can ƙasa, a jere, yana wuce turken da Turawa suka kafa alamar iyaka. Tara sun riga sun ƙetare. Uku na baya, Idi na kora su.

"Ku far musu!" in ji Jibril.

Suka gangara. Idi ya zare takobi — mashin wani dogari ya riga shi. Ya faɗi a ƙafafun raƙumi. Kibiyar Maharazu ta wuce kunnen Jibril, wata ta soki doki a ƙirji, doki da mahayi suka kife. Halliru ya diro da igiyarsa, ya cafke akalar raƙumin ƙarshe, ya ja da baya da iya ƙarfinsa.

Yari ya juyo daga can ƙetare. Bai yi gaggawa ba. Ya durƙusa, ya auna.

Ƙara ɗaya aka ji. Halliru ya zauna a ƙasa, akalar na hannunsa.

Dogarai suka kai turken suka ja linzami. Malam Mukhtari ya iso yana haki.

"Ga su can, Jibril. Jifan dutse na. Ku bi su."

"Ba mu iyawa, malam."

"Ba ku iyawa? Ga hatsin kuna gani."

"Joji, Baturen mulki, ya hana. Dogarin da ya ƙetare wanga turke da makami, in sojan Faransa ba su harbe shi ba, nan gida a ɗaure shi, a tuɓe hakimi. Ni ba ni da ikon ta da wagga fitina."

"To ni in tafi. Ba ni da makami."

"Ka tafi ka yi mi?"

Malam Mukhtari ya taka har gindin turken, ya tsaya. Ya buɗe baki ya kira sunan Allah, ya roƙi Yari ko rabi ya bari. Yari bai ko waiwayo ba. Suna tsaye su duka, raƙuma tara suka yi ta tafiya a hankali, taiki na lilo a gefensu, har kurmi ya rufe su.

Halliru bai mutu nan take ba. Malam Mukhtari ya tsuguna kusa da shi, ya ɗiga masa ruwa a baki.

"Nawa munka samu, malam?"

"Ukku."

"Za shi kai Araba?"

Dattijon ya so ya ce i. Ya tuna yawan mutanen da ya bari a ƙofar hakimi.

"Abin da ya samu," in ji shi.

Halliru ya gyaɗa kai. Malam Mukhtari ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya rufe masa idanu.

Washegari aka kwance taiki shida gaban shaidu, yadda masu bayarwa suka so. Kafin azahar an kakkaɓe na ƙarshe. Mutanen cikin gari suka sami tafi bibbiyu. Na Garu da Araba suka iso suka tarar ana share ƙasa ana tsintar tsaba.

Bayan mako guda fatake suka kawo labarin Yari. Ranar da aka biya shi, Maharazu ya soke shi a bayan kasuwa ya gudu arewa da kuɗin. Hatsin kuwa ya shiga rumbunan 'yan kasuwa, ana sayar da shi ninki huɗu.

Malam Mukhtari ya rubuta takarda Sakkwato da hannunsa mai lafiya, yana roƙon a turo ragowar gudummawar. Amsa ta zo bayan kwana goma sha ɗaya. Masu bayarwa sun yi baƙin ciki ƙwarai. Amma ba za su sake sakin ko taiki ɗaya ba sai an gama bincike, an kuma tabbatar hanya ta yi lafiya. Wasu ma sun janye hannunsu.

Ya fito ƙofar hakimi da takardar. Jama'ar sun ragu, waɗansu sun yi kudu da ƙafa, waɗansu an kai su makwanci. Ya karanta wa waɗanda suka saura, bai rage komai ba. 

Can wata tsohuwa ta dafa sanda ta miƙe.

"To ɗana, yaushe za mu komo?"

Malam Mukhtari ya naɗe takardar, ya dubi tsohuwar.

"Ban sani ba, inna," in ji shi.